Ina son in koyi kiɗan fim, Baba ya ce ba a gidansa ba

Wannan wasiƙa daga Jidda ta zo:

"Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne, shekarata 23. A nan Jidda aka haife ni, iyayena mutanen Kano ne da suka zo aikin hajji suka zauna. Ina aiki a shagon gyaran waya. Tun ina yaro idan ana kallon fim hankalina ba ya kan 'yan wasa, yana kan kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin maganarsu. Bara na tara kuɗi na sayi tsohuwar fiyano, amma a ɗakin abokina take, domin Baba ya ce ba za a yi kiɗa a gidansa ba, wai a zuri'armu babu maroƙi. Ina iya bin waƙa da kunne, amma ban san karatun kiɗa ba, ban kuma san ta wace ƙofa ake shiga harkar ba. Wani ya ce in tafi Masar makaranta, wani ya ce in koma Kano tunda can ake fim ɗin Hausa. Har na fara tunanin barin shagon. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka bar shagon nan. Sana'ar da kake so tana ɗaukar shekaru kafin ta fara ciyar da mai ita, kuma shagon ne zai saya maka makirfo, ya biya maka intanet, ya hana ka karɓar wulaƙanci a hannun furodusan da ya ga kana jin yunwa. Ka riƙe shi da hannu biyu.

Abin da ya tsaya min a wasiƙarka shi ne cewar da ka yi kunnenka na kan abin da ke ƙarƙashin magana. Mutum ɗari za su fita daga sinima, da wuya ka sami biyar da za su gaya maka a ina kiɗa ya shiga, a ina ya ɗauke. Larabawan da kake zaune cikinsu suna kiran wannan aiki musiƙa taswiriyya. Mu kuwa har yau ba mu raba shi da waƙa ba. Ka je Kano ka ce kai mai kiɗan fim ne, za a ɗauka kai ne ke buga wa mawaƙa abin da jarumi da jaruma za su taka rawa da shi. Sana'a biyu ce daban. A waƙa kai ake saurare. A kiɗan labari kuwa ɗan rakiya ne kai, kana tafe a bayan hoto, kuma ranar da ka fi iya aikinka ita ce ranar da mai kallo ya share hawaye bai san hannunka na ciki ba. Hausawa na cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A fim an juya maganar, rawar ce a gaba, kai kake binta. Ka tambayi kanka tun yanzu ko zuciyarka za ta jure wannan, don na ga samari masu baiwa da suka kasa, saboda so suke a ji su.

Ka ce ba ka san komai ba. Ka san fiye da yadda kake zato, gado ne kawai ba a nuna maka shi ba. Babban makamin masu kiɗan fim a duniya shi ne su ba mutum ko wuri ko wani tunani ɗan gajeren kari nasa na kansa, duk sanda ya bayyana a ji shi, wani lokaci da ƙarfi, wani lokaci a raunane, wani lokaci ma kafin a ga fuskarsa. Turawa sun rubuta littattafai a kan wannan. Mu sunansa take. Ɗan dambe yana da takensa, sarki yana da nasa, manomi a gayya yana jin an buga nasa sai ya ƙara sunkuyawa. Kalangu yana faɗin sunan mutum saboda harshenmu na hawa da sauka ne, kuma gangar na bin wannan hawa da saukar. Ka tambayi mahaifiyarka, za ta gaya maka yadda a garinsu ake sanin wanda ke tafe tun daga nesa da jin kiɗa kawai. Kayan kiɗanmu ma kowanne da gidansa. Kakaki da tambari na fada ne, garaya ta maharba ce, kalangu na mahauta da 'yan dambe, shantu da ƙwarya na mata a cikin gida. Idan ka sa ƙarar shantu can ƙasa-ƙasa a fitowar da wani ɗan ci-rani ke zaune shi kaɗai a ɗaki a Jidda, ba sai wani ya buɗe baki ya ce yana kewar uwarsa ba.

Kada ka ɗauka wannan zancen ƙauye ne. Ranar 18 ga Afrilu 2018 aka sake buɗe sinima a Riyad bayan fiye da shekara 35 a rufe, kuma fim ɗin da aka fara nunawa shi ne Black Panther. Wanda ya yi kiɗansa, Ludwig Göransson, mutumin Suwidin ne. Sai da ya tashi takanas ya tafi Senegal, ya bi mawaƙin ƙasar, Baaba Maal, yawon wasa, ya ɗauki sautin tama, wata 'yar ganga mai magana wadda ƙanwar kalangu ce, ya sa ta riƙa faɗin sunan sarkin da ke cikin labarin. Take ke nan, ba wani abu ba. A 2019 aka ba shi kyautar Oscar a kan aikin. Abin da ya hau jirgi ya je nema, kai a cikinsa aka yi maka goyo.

Kuma kunne biyu gare ka. Yawancin karin Hausa a kan sauti biyar yake tafiya. Ka gwada yau, ka taɓa baƙaƙen maɓallan fiyanonka kaɗai, za ka ji ƙamshin gida yana tasowa. A ɗaya ɓangaren ka tashi kana jin mawaƙan Saudiyya Talal Maddah da Muhammad Abdu a motoci da shaguna, kana jin gangunan rawar mizmar a bukukuwan Hijaz, don haka maƙamai, wato tsare-tsaren sautin da Larabawa ke gina karinsu a kai, sun zauna a kunnenka ko ba ka san sunayensu ba. Ka koyi sunayen: Rast, Bayati, Hijaz, Saba, Nahawand, Kurd, Ajam, Sika. Wasunsu, kamar Rast da Bayati da Saba, suna da sautin da ke faɗowa tsakanin farin maɓalli da baƙi, wanda fiyanon Turawa ba ta da shi. Shi ya sa kamfanonin Korg da Yamaha suke ƙera wasu fiyanonin musamman don kasuwar Larabawa, masu maɓallan sauke sauti da rubu'i. Ka duba taka. In ba ta da su, manhajar kwamfuta na iya yi. Matashin da zai iya ɗora goge a kan Bayati ba tare da ɗaya ya ci zalin ɗaya ba, ba shi da yawa a Kano, ba shi da yawa a Riyad.

Yanzu horo. Kafin yatsu, ido da kunne. Ka ɗauki fim ɗaya da kake so, ka zauna da littafi da biro, ka rubuta minti da daƙiƙar da kowane kiɗa ya shiga, da inda ya fita, da abin da ya faru a hoto a daidai lokacin. An rufe ƙofa ne? Wani ya ɗaga kai? An sauya wuri? Ka yi wa finafinai 10 haka. Ka sa Ar-Risala na 1976 a ciki, wanda kowane gidan Bahaushe ya sani, ka saurari yadda Maurice Jarre, Bafaranshe, ya bi da hamada da tafiyar raƙuma. Ka nemi ayyukan Ammar al-Shari'i na Masar, wanda ya rasu a 2012. Makaho ne, bai taɓa ganin hoton da yake yi wa kiɗa ba, amma wasanninsu na talabijin da yawa da karinsa ake tuna su, domin labarin ya fahimta. Daga nan ka yanko fitowa ta minti 2, ka kashe sautinta, ka yi mata kiɗa uku: ɗaya da zai sa a ji tsoro, ɗaya tausayi, ɗaya kuma da zai sa a yi zargin mutumin da ke cikin hoton maƙaryaci ne. Ka nuna wa abokan aikinka a shago ba tare da bayani ba, ka tambaye su me suka ji. Amsarsu ita ce makinka.

Sai darasin da ya fi wuya, wato shiru. Shekarun baya, ina haɗa sauti a wani ƙaramin sutudiyo a Kano, aka kawo min fitowar da uwa ke karɓar labarin rasuwar ɗanta. Na kwana ina zuba sarewa da goge tun daga sallamar mai kawo labari har ƙarshe. Daraktan ya kalla sau ɗaya ya ce in cire duka. Ya bar ƙarar ludayin da ya suɓuce daga hannunta, da kukan akuya a tsakar gida. Sai da ta zauna a ƙasa, aka ɗauki kusan daƙiƙa 20 babu komai, sannan ya yarda in shigo da zaren goge guda ɗaya. Raina ya ɓaci a ranar. Da na kalla tare da mutane, na ga mata suna rufe fuska tun a wurin ludayin, na gane kiɗan da na yi da farko yana yi musu kuka ne, ya hana su yin nasu. Har gobe finafinanmu na fama da wannan ciwo, a kunna kiɗa tun daga sunaye har a tashi, sau da yawa ma na aro daga finafinan wasu. Kuma ka tuna magana ita ce sarauniya. Sarewa da goge da algaita suna zaune kusa da muryar mutum, idan suka tashi lokacin da ake magana sai su yi kokawa da ita. A ƙarƙashin zance ka sauka ƙasa, ka rage motsi.

Kayan aiki ba za su ci maka dukiya ba. Kwamfuta matsakaiciya, fiyanon da kake da ita in tana haɗuwa da kwamfuta ta USB, abin saƙalawa a kunne mai kyau, da makirfo guda. Manhajar Reaper tana buɗe bidiyo, tana ba ka kwana 60 na gwaji, lasisinta na mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne. MuseScore ta rubutun kiɗa kyauta ce. Ka saita aikinka a kilohaz 48 tun farko, shi ne ma'aunin sautin bidiyo, ka kuma tambayi edita ko hotonsa 24 ne a daƙiƙa ko 25, don kada kiɗanka ya zame daga inda ka ɗora shi. Idan za ka miƙa aiki, ka ba da shi a tsarin fayil ɗin sauti na WAV, ganguna daban, masu tsirkiya daban, na busa daban, yadda mai haɗa sauti zai iya rage ɗaya ya bar saura. Kalangun da ke cikin kwamfuta kuwa gawa ne. Ka nemi mai bugawa na gaske a cikin 'yan uwanmu na Jidda ko Makka, ka biya shi haƙƙinsa, ka ɗauka da makirfonka.

Karatun kiɗa ka koye shi, kada wani ya ruɗe ka da cewa baiwa ta isa. Ranar da za ka tsaya gaban mai udu da mai kamanja, kayan kiɗan Larabawa masu tsirkiya, takarda za su nema. Rabin awa kullum bayan Isha'i, cikin shekara za ka riƙa karanta nota, ka san yadda ake haɗa sautuka uku su zauna lafiya. Tun da aka kafa Hukumar Kiɗa a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu a 2020, samun malami a Jidda ya daina zama abin ɓoyo.

Masar ko Kano? A yanzu babu ko ɗaya. Alƙahira tana da makarantu na gaske a Akademiyar Fasaha, har da ta fim da ta kiɗan Larabawa, amma ana shiga da jarrabawa, kuma wanda bai iya karanta nota ba kuɗin jirgi kawai zai ƙona. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kano kuma tana cikin wayarka. Masu shirya finafinai masu dogon zango na YouTube da tashoshi irin Arewa24 za su iya turo maka hoto, ka mayar musu da sauti, ba ka taka filin jirgi ba. Sai dai kuɗin da ake warewa kiɗan labari a can kaɗan ne, kada ka gina rayuwa a kansa tukuna.

Ƙofar shiga kuwa tana kusa da kai. Jami'ar Effat a nan Jidda tana koyar da fim, kuma kowane ɗalibin da zai kammala yana buƙatar gajeren fim, kowane gajeren fim yana buƙatar kiɗa, ɗalibi kuma ba shi da kuɗin ɗaukar babban makaɗi. Tun Disamba 2021 ake bikin finafinai na Bahar Maliya a garinku, akwai kuma Hayy Jameel inda ake nuna ƙananan finafinai, a zauna a tattauna. Ka je, ka kalla, ka gaisa da mutane, wayarka ɗauke da ayyuka uku gajeru da ka ɗora a kan hoto. Göransson ɗin nan a jami'a ya haɗu da Ryan Coogler, daraktan Black Panther, ya yi masa kiɗan gajerun finafinansa na ɗalibta, shekaru kafin Coogler ya kira shi babban aiki. A. R. Rahman na Indiya mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 9, ya yi shekaru yana buga wa wasu fiyano, yana yin kiɗan talla, kafin fim ɗinsa na farko a 1992. Oscar biyun da ya ɗauka sai 2009. Saboda haka kada ka raina tallan gidan abinci ko bidiyon wata ƙungiyar agaji.

Idan darakta ya zaunar da kai ku kalli fim ɗin tare don tsara wuraren kiɗa, kada ka tambaye shi wane kayan kiɗa yake so. Ka tambaye shi me yake so mai kallo ya ji a nan, kuma ta idon wa muke kallon abin. Sannan ko aikin kyauta ne, a rubuta: sunanka zai fito, gyara sau nawa za ka yi, kiɗan mallakar wa ne bayan an gama, kuɗi nawa kafin a fara, nawa bayan miƙawa. Abu ɗaya kuma da ban so ka yi wasa da shi: in da iƙama kake zaune, wato takardar izinin zaman baƙo, dokar ƙasar nan ba ta yarda baƙo ya yi wa wanda ba kafilinsa ba aikin kuɗi haka kawai. Kafin ka karɓi riyal ɗaya a hannun kowa a nan, ka tambayi wanda ya san dokar aiki yadda za ka yi shi a kan ƙa'ida. Koyo da gwaji babu mai hana ka.

Na bar maganar Baba a ƙarshe don ita ta fi nauyi, kuma ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Mahaifinka ya yi mafi yawan rayuwarsa a ƙasar da babu sinima, kuma ya fito daga al'ummar da makaɗi ke bin masu kuɗi yana yabo ana yi masa liƙi. Da ya ce "maroƙi", hoton da ke idonsa ke nan: ɗansa da ya sha wahalar raino a baƙuwar ƙasa, tsaye a ƙofar wani yana jiran kyauta. Tsoron mutuncinka yake ji. Wannan tsoron yana da magani, domin aikin da kake nufi irin na tela ne, a kawo, ka auna, ka ɗinka, a biya ka abin da aka yi yarjejeniya. Amma ba kai za ka fara gaya masa ba. Ka fara da mahaifiyarka, sannan ka nemi wanda Baba ke jin nauyinsa, ƙaninsa ko amininsa na masallaci, ka nuna masa abin da kake yi, shi ya shige maka gaba. Dokar da ya kafa a gidansa kuma ka bi ta, gidansa ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɓoyon. Gara ya ji daga bakinka cewa fiyanon na ɗakin abokinka da ya ji a bakin wani a kasuwar Bab Makka.

Mai yiwuwa kuma a ƙarƙashin maganar asali akwai ta addini, ko a wurinsa ko a zuciyarka kai kanka. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma ba zan sassauta maka abin da ba nawa ba. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, suka keɓe duffu, 'yar gangar hannu mai fuska ɗaya, a biki. Ibn Hazm na Andalus ya halatta, Imam Gazali kuma ya yi dogon bayani yana rarrabewa gwargwadon abin da ake ji da halin mai ji. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka faɗa masa aikin yadda yake, kada ka yi masa kwalliya don ka sami amsar da kake so. In ka fito zuciyarka ba ta natsu ba, kunnen nan naka bai tashi a banza ba. Fim yana buƙatar mai tsara sautin wuri, takun ƙafa, iska, hayaniyar kasuwa, ƙarar ludayin nan da na ba ka labari. Yana buƙatar mai tace magana da mai haɗa sautuka a ƙarshe. Akwai kuma masu raka hoto da muryar mutane zalla ba kayan kiɗa, kuma a ƙasashen nan na Larabawa suna da kasuwarsu. Duk abin da na faɗa maka a kan take da shiru yana aiki a can.

Ga abin da nake so daga gare ka kafin wata ya ƙare. Ka yi magana da mahaifiyarka. Sannan ka ɗauki bidiyon minti 2 da wayarka, ko na mai shayi yana rufe shago da dare ne, ka yi masa sauti, ka turo min. Ka haɗo da 'yar takarda da ke faɗin a wace daƙiƙa ka shiga, a wace ka fita, da dalilin kowanne. Zan kalla in ba ka amsa. Ka gaida Baba da Mama.